Yadda ake haɗa wa tsohuwar motar kaya fankar lantarki ba tare da waya ta ƙone ba

Wata ranar Juma'a cikin zafin Afrilu wani direba ya shigo mani garaji da tsohuwar Hilux, ƙauri na fitowa daga ƙarƙashin tablo. Buhunan wake ya ɗauko daga Tasawa, cunkoson bakin babbar kasuwa ya riƙe shi.

"Maigida, duba mini, tun ɗazu take warin roba."

"Wa ya sa maka wannan fanka?"

"Wani yaro ne a tasha. Ya ce aikin minti goma ne."

Na leƙa da cocila. Wata siririyar waya, irin ta sifika, aka ɗauko daga bayan kontak aka kai ta kai tsaye ga fanka. Ba rele, wato makunnin da ke ɗaukar babbar wuta, ba fizibil, wato abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Robar wayar ta narke ta manne da na kusa da ita, bayan kontak ɗin kuma ya yi baƙi ƙirin. Fankar lafiyarta ƙalau, haɗin ne ya so cinye motar. Ga yadda ake yin aikin, tun daga binciken farko har gwaji.

Fara da tambayar ko fanka ce matsalar

Fankar da fambel ke juyawa tana bin gudun inji. Idan mota na tsaye a ralanti, wato inji na aiki ba a taka ba, ko tana jan ciki cikin cunkoso ko rairayi, iskar da take jawowa ba ta da yawa, ga rana ta haura digiri 40. To lura da allurar zafi. In tana hawa a tsaye, ta sauka da zarar ka hau kwalta ka saki mota, ƙarancin iska ne, fankar lantarki za ta yi maganinsa. In kuwa a kan babbar hanya take hawa, kana tafe tsakanin Maraɗi da Gidan Rumji iska na dukan gaban mota amma allura na neman ja, ka ajiye kuɗin fanka. Radiyate ce ta toshe (abin da mutanen Katsina ke kira lagireto), ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin radiyate ba ya riƙe matsi, ko gaskit ɗin kan inji ya huje. Da safe, inji da sanyi, buɗe murfin ka tayar da mota: kumfa mai tasowa a kai a kai ba alamar alheri ba ce.

Sai shawarar ko za a cire fankar fambel. Ni dai ga motar da ke ɗaukar kaya tana shiga ƙauyukan Dakoro, ba na cirewa. Idan inji na kuka cikin yashi da giya ta biyu, fankar fambel na jawo iskar da ƙaramar fankar lantarki ba za ta iya ba. Bar ta, ka ƙara ta lantarki a gaban radiyate ta riƙa taimakawa a tsaye. Ana cire ta ne idan an samu babbar fanka mai gidanta da ya rufe kusan dukkan bayan radiyate.

Abu na uku, altarnate, wato abin da ke cajin batir. Tsofaffin motoci da yawa nasu bai wuce amfiya 40 zuwa 55 ba, fanka ɗaya kuwa takan ci 10 zuwa 20 tana juyawa, a daidai lokacin tashi ta ninka haka biyu ko uku. Lissafin ba wuya: raba wat da bolt. Fanka mai wat 200 a kan bolt 12 tana cin wajen amfiya 17. Ɗora mita a kan batir: mota a kashe ka ga kusan 12.6, a kunne tsakanin 13.8 da 14.4. Kunna manyan fitilu a ralanti ka sake dubawa. In ya riga ya faɗo ƙasa da 13 tun ba a sa fanka ba, altarnate za a fara gyarawa ko a sauya babba, in ba haka ba kullum da safe sai an tura.

Kayan da za ka tanada

Fanka, sabuwa ko ta hannu. Ta hannu da aka ciro daga motar Turai sau da yawa ta fi sabuwa mai arha ƙarko, amma ka juya ta da hannu ka ji ba ta gurnani, ka ɗana ta a batir a gaban mai sayarwa. Rele mai amfiya 40 da soket ɗinsa. Fizibil mai gida, na 30 ga matsakaiciyar fanka, da ƙarami na 5. Launinsu ƙa'ida ne: kore 30, rawaya 20, shuɗi 15, ja 10. Sai sondi, wato makunnin da zafin ruwa ke kunnawa, da maɓalli ɗaya na hannu, da kos, wato kan ƙarfen da ake matsewa a bakin waya, na zobe da na soket, da tiyon roba na rufe waya, da sikoci, da ƴan robobin ɗauri.

Waya ita ce inda ake cutar mutane. Ta ɗaukar wutar fanka ta zama mai kaurin milimita 4 murabba'i, in fankar babba ce ko hanyar da nisa a sa mai 6. Ta umarni, wadda ke zuwa sondi da maɓalli, mai 1 ta isa. Dalili: wayar jan ƙarfe mai 4, tsawon mita uku, ɗauke da amfiya 20, ba ta zubar da fiye da kwata na bolt sai kaɗan. Mai 1.5 a wannan tsawon tana zubar da bolt 0.7, ragowar ya koma zafi cikin roba, fanka kuma ta yi sanyin gudu. Kada ka yarda da kaurin roba, sa a yanka maka bakin ka ga zaren ciki. Kankare shi da wuƙa: in jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa launi. Wayar gida mai sanda ɗaya kuwa ba ta mota ba ce, girgiza na karya ta cikin roba inda ido ba ya gani.

Idan motarka mai batir biyu ce a jere, bolt 24, irin manyan Mercedes, to fanka da rele da ƴar fitila duk su zama na 24. Kada a ɗebi 12 daga batir ɗaya. Ɗayan zai riƙa cika fiye da kima, ɗayan na ramewa, cikin ƴan watanni ka sayi biyu.

Ɗaura fanka

Kafin komai cire kan batir na mas, wato mai alamar ragi, wanda ke haɗe da jikin mota. Kile mai lamba 10 da ya haɗa kan batir da jikin mota yakan yi ja nan take, na ga zobe ya bar wa mutum tabo a yatsa.

Fanka a bayan radiyate, tana zuƙo iska, ta fi aiki. A gaba kuma turawa take yi, tana kuma tare wani ɓangare na iskar hanya, amma in fankar fambel na nan, gaba ce kaɗai wurin. Ko ina ka sa ta, iska daga waje za ta shiga ta wuce zuwa inji. Gwada kafin ka ɗaure: ɗana wayoyinta biyu a batir, ka kawo takarda gaban radiyate. In takardar ta manne, daidai ne. In ta tashi, juya wayoyin. Sai dai fiffike mai lanƙwasa da aka ƙera don zuƙowa, in ka juya shi da waya kawai zai yi ta ƙara ba iskar kirki. Wasu ana kwance fiffiken a kifa shi, wasu ba a iyawa, don haka ka san gefen da za ka sa ta tun a wurin saye. Ka sa wa wayar da ta zama ta wuta alama da sikoci.

Sababbin fankoki na zuwa da wasu tsinkayen roba da ake sokawa ta cikin ƙwayar radiyate. Jefar da su. A hanyoyinmu masu gargada nauyin fanka zai yi ta gugar bututun har ya huda shi. Kai wa mai walda ya lanƙwasa maka ƙarfe fale-fale guda biyu, a ɗaure su da noti a firam ɗin radiyate, fanka ta zauna a kansu. Gidan fankar ya matso dab da radiyate, a liƙa soso ko tsohuwar roba a gefe don kada iska ta zagaye, amma fiffike kada ya taɓa. Ta baya kuma a bar aƙalla yatsu biyu tsakaninta da kan famfon ruwa, domin inji na motsi a kan robobinsa idan aka taka.

Sondi da wurin zamansa

Jikin sondi akwai lamba biyu, misali 92-87. Ta farko zafin da yake kunna fanka, ta biyu wanda yake kashewa. Dole lambar kashewa ta fi zafin da termosta, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyate in inji ya yi zafi, ke buɗewa. Termosta mai 82 ya dace da sondi 92-87 a tiyon sama, mai 88 kuma a nemi 95-90 ko sama kaɗan. In ka sa wanda ke kashewa a 79 alhali termosta na riƙe ruwa a 82, fanka ta tashi kenan, ba za ta tsaya ba sai an kashe mota. Idan a ƙasan radiyate zai zauna, inda ruwa ya riga ya huce, sai a zaɓi mai lamba ƙasa da haka da ƴan digiri.

Na san da yawa an cire masu termosta tun tuni, wai ƙasar zafi ba ta buƙata. Ban yarda ba. Da asubar hunturu injin gazuwal marar termosta yakan yi ta tafiya da sanyi, yana hayaƙi yana shan mai. Mayar da shi, sannan ka zaɓi sondi a kansa.

Radiyate da yawa na motocin Turai suna da ramin sondi mai zare M22, sai ka ɗaura da wandararsa kawai. In babu, radiyate ta jan ƙarfe mai gyara zai iya liƙa mata mazauni da dalma. Ko a yanka tiyon sama a sa guntun bututu mai ramin sondi, daidai faɗin tiyon. Abin kiyayewa ɗaya ne: bakin sondi ya kasance cikin ruwa kullum. In ka sa shi can ƙolin tankin sama, ranar da ruwa ya ragu zai zauna cikin tururi bai ji komai ba, ranar da aka fi buƙatarsa kenan.

Nemi mai baki biyu. Mai baki ɗaya ta jikinsa yake samun mas, radiyate kuma a kan roba take zaune, bututun cikin tiyo ma haka. In shi kaɗai ka samu, ja wayar mas daga mazauninsa zuwa jikin mota, kuma kada ka naɗe zarensa da farin tef.

Haɗa rele

Juya rele ka ga lambobi a gindinsa: 30, 87, 85, 86, wani da 87a a tsakiya. Ciki abu biyu ne. Ƙaramin naɗin waya tsakanin 85 da 86, wanda bai cin ko rabin amfiya, in ya samu wuta sai ya zama maganaɗisu ya ja wani ƙarfe ya haɗa 30 da 87. Wato kontak da sondi umarni kawai suke bayarwa, dakon wutar na tsakanin batir da 30 da 87. Ka riƙe wannan, ka riƙe aikin duka.

Ɗaure rele a jikin mota kusa da batir, nesa da bututun hayaƙi, ƙafafunsa na kallon ƙasa don ruwa ya zube kada ya taru. Sannan:

Daga kan batir mai alamar tarawa, waya mai kauri zuwa fizibil na 30, daga fizibil zuwa 30. Fizibil ɗin ya zauna kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Waya yake tsaro, duk abin da ke tsakaninsa da batir ba mai gadinsa. Kada ka cusa ƙwayar fizibil ɗin tukuna.

Daga 87, waya mai kauri zuwa wayar fanka da ka sa wa alama.

Ɗaya wayar fanka zuwa mas, da kauri iri ɗaya. Nan ake yawan ha'inci, a kawo wuta da babbar waya a mayar da ita da ƙarama, alhali abin da ya shiga shi ne zai fita. Kai ta kan batir na ragi in da hali. In a jikin mota ne, kankare fenti da tsatsa sai ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure da noti, shafa giris a kai.

Lamba 86 ta samu wutar da ke zuwa idan an murɗa kontak, ta bi ta fizibil na 5. Nemo ta da fitilar gwaji a akwatin fizibil: wadda ke kawowa in an murɗa, ta ɗauke in an kashe.

Lamba 85 zuwa baki ɗaya na sondi, ɗaya bakin zuwa mas.

87a a bar shi haka nan. Wasu rele suna da diyod a ciki, za ka ga hotonsa a jiki. Irin su ba sa yafe kuskure, wuta a 86, mas a 85, in ka juya ya ƙone. Shi ya sa na saba yin haka ko da wane iri ne.

Akwai masu ba 86 wutar batir kai tsaye don fanka ta ci gaba bayan an kashe mota. A sababbin motoci haka ne, amma famfon ruwa ya tsaya, radiyate kaɗai take hucewa, tsohon batir kuma ba ya son wasa. Ga yaran mota da ke cusa hannu gaban inji da zarar an tsaya. Ni a kontak nake sawa.

Wani abin mamaki da haɗin kai tsaye ke jawowa: ka kashe motar isansi, ka zare makulli, inji ya ci gaba da ƴan daƙiƙu. Direba ya ce aljanu. Fankar ce, tana kan juyawa ta zama janareta tana mayar da wuta cikin layin kontak. Rele na raba su, abin ya wuce.

Fanka biyu kuwa kowace da nata rele, da nata fizibil, da tata waya daga batir. Layin 85 da na 86 ne kawai za su yi tarayya. In ɗaya ta mutu a daji, ɗayar za ta kawo ka gida. Tagwayen fankar Peugeot 405 da ake samu a wurin masu kayan hannu asalinsu da rele uku suke aiki, a jere su yi gudu a hankali, a rabe su yi da ƙarfi. Yana da daɗi, amma sai da sondi mai baki uku, ga mai farawa hanyar rele biyu ta wadatar.

Maɓallin hannu

Ja siririyar waya daga 85 zuwa maɓalli a tablo, ɗaya bakinsa zuwa mas. In ka danna, ya yi aikin sondi, fanka ta tashi ko ruwa bai yi zafi ba. Yana da amfani idan ka hango dogon yashi ko layin shingen bincike. Amma ƙari ne, ba madadin sondi ba. Masu cewa "bar shi da maɓalli kawai, ni zan riƙa kunnawa" su ne ke dawowa da kan inji a lanƙwashe, domin ranar da aka yi waya ko gardama da ɗan kamasho, an manta.

Mai ƙetare ƙorama da damina, wajen Madarumfa ko cikin fadamar Gulbi, zai so ya iya kashe fanka gaba ɗaya, don fiffiken roba in ya daki ruwa yakan karye ko ya lanƙwashe ya yanki radiyate. Sai a sa maɓalli mai matsayi uku: bakin tsakiya zuwa 85, gefe ɗaya zuwa sondi, ɗayan zuwa mas. Sama kunnawa, ƙasa sondi, tsakiya a kashe. Kana fita daga ruwa ka mayar. In kana son ƴar fitila a tablo, ɗauko ta daga 87. Kada ka damu in ka ga tana ɗan haske a guje alhali fanka a kashe, iskar hanya ce ke juya ta.

Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Kos a matse shi da abin matsewa, ka ja da ƙarfi ka ga bai zare ba. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da sikoci ba haɗi ba ne, zafin inji zai saki gam ɗin kafin damina. Sa wayoyin cikin tiyo, ɗaure su duk bayan taƙi ɗaya, nesa da fambel da bututun hayaƙi.

Gwaji

Cika ruwa, mayar da kan batir, cusa fizibil. Bai kamata komai ya motsa ba. In fanka ta tashi nan take, to a 87a ka haɗa ta bisa kuskure, mayar da ita 87. Murɗa kontak ka danna maɓalli: za ka ji ƙas daga rele, fanka ta ɗauka. Sake gwajin takarda. Kashe maɓalli, zare wayoyin sondi biyu ka haɗa su da juna, ta sake tashi. Wannan ya nuna layin sondi lafiya.

Tana juyawa, auna wuta a kan batir, ka auna a bakin fanka. Bambancin kada ya wuce rabin bolt. In ya wuce, bi haɗin ɗaya bayan ɗaya da yatsa bayan minti biyar, wanda ya yi zafi shi ne mai laifi.

Yanzu tayar da inji, murfin radiyate a buɗe tun da sanyi, har termosta ya buɗe iska ta fita, ƙara ruwa, rufe. Jira. Injin gazuwal a ralanti yana da nawar zafi, kana iya kare gaban radiyate da kwali don ya hanzarta. Idonka a kan allura. Fanka ta tashi da allura ta ɗan gota tsakiya, ta yi minti ɗaya ko biyu, ta tsaya da kanta. Bari ta yi haka sau uku kafin ka sallami mota, kuma kada ka manta da kwalin. In allura ta doshi ja ba ta tashi ba, danna maɓalli, kashe inji, bari ya huce sarai kafin ka taɓa murfi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi ya wuce digiri 100, yana buɗewa fuska yake nema.

In fizibil na ƙonewa a daidai tashi kawai, kuma wayarka mai 6 ce, kana iya hawa zuwa babban fizibil na 40. In yana ƙonewa bayan ta jima tana aiki, fankar ce ta gaji tana cin wuta, ko waya ta goge a wani wuri. Zaren waya ko takardar sigari a gurbin fizibil, wannan kiran gobara ne. Rele na ƙas amma fanka shiru, duba babban fizibil da mas ɗin fanka. Ba ƙas ko kaɗan, duba ƙaramin fizibil da layin 85.

Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin gero da ganyen harawa suna taruwa tsakanin fanka da radiyate su yi kamar tabarma. Duk wata a hura da iskar mai faci daga bayan radiyate zuwa gaba. A akwatin tablo kuma ajiye rele ɗaya, fizibil biyu, da guntuwar waya mai kauri da kos a kowane baki. In rele ya mutu a hanya ba wani, zare shi, soka guntuwar wayar tsakanin ramin 30 da na 87. Fanka za ta yi ta juyawa, fizibil na nan yana tsaronta. Kana isa inda za ka kwana ka zare, in ba haka ba da safe batir babu ko ɗigo.